Kada Mu Fake da Ƙaddara: Sauyin Yanayi da Amanar Iyali

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai, Mai saukar da ruwa daga sama bisa gwargwado. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. 

Gabatarwa

Cikin daren da ya waye ranar Talata, 10 ga Satumba 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya kwararo cikin Maiduguri mutane suna barci. Kafin rana ta take, ya mamaye Gwange da Fori, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa. Mutum fiye da 400,000 suka rasa matsuguni, da yawansu kuwa dama gudun hijira ne ya kawo su birnin, ko hawayen Boko Haram ba su gama sharewa ba. Har sansanin Bakassi da aka riga aka rufe sai da aka sake buɗe shi. Mako guda kafin nan, ruwan sama ya rusa tsohon masallacin tarihi na Damagaram, wanda yake tsaye tun ƙarni na 19.

Ba a yi kwana biyu ba saƙonni suka fara yawo a wayoyinmu. Wani ya ce azaba ce Allah Ya saukar saboda yawan saɓo. Wani ya ce ikon Allah ne, duk mai neman dalili yana ja da ƙaddara. Da wani ɗalibi a majalisarmu ya ambaci sauyin yanayi, sai aka yi masa ca, aka ce boko ya juyar masa da kai, yana maimaita tatsuniyar Turawa. Yaron ya yi shiru don girmama manya. Ni ma na yi shiru, kuma har yau shirun nan yana damuna, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Abin da nake son faɗa a fili yake. Imani da ƙaddara rukuni ne na imani, wanda ya musanta shi ya halaka. Amma mayar da ƙaddara bargon da za mu lulluɓe sakacinmu da shi cin amana ne, kuma waɗanda ake cin amanarsu su ne matanmu da 'ya'yanmu da tsofaffinmu.

Iyali ne ke fara ɗanɗanawa

Idan gidajen rediyo suka ce mutum dubu kaza abin ya shafa, lissafi ne muke ji. Mai karatu, sauka daga kan lissafin ka shiga gida ɗaya. Ɗakin ƙasa ya jiƙe ya zauna. Rumbun da aka tara damman gero na shekara ya tafi da ruwa. Akuyar da uwargida take kiwo don auren 'yarta ta bi, haka keken ɗinkin da take rufa wa kanta asiri da shi. Takardun makarantar yara sun zama kunu. Rijiya ta haɗu da masai, sai amai da gudawa, kamar yadda kwalara ta ɓarke a Borno makonni kaɗan bayan ambaliyar. Makaranta ta koma sansani, karatu ya tsaya. Mata da 'yanmata suna kwana a fili ɗaya da baƙi, babu labule, babu makewayi na kirki.

Bayan ruwa ya janye kuma sai a shiga wani babin. Maigida ya tafi cirani kudu, cirani na wata uku ya koma na shekara uku. Uwa ta zama uwa da uba. A tura yaro birni da sunan almajiranci alhali yunwa ce ta kore shi, a ɗora wa yarinya talla, ko a aurar da ita ba don an shirya ba sai don a rage baki. Sau nawa aure ya mutu a kan cefane, aka ce rashin haƙurin mace ne, alhali asalin abin gonar da ta daina bayarwa ce?

Kuma abin ya ƙi tsayawa a shekara ɗaya. A 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, ta raba sama da miliyan 1 da gidajensu, manoman kwarin Haɗeja suna kallo shinkafarsu ta nutse. A 2024 fiye da mutum 300 suka rasu a Jamhuriyar Nijar. A ƙarshen Mayu 2025 ruwa ya afka wa Mokwa da asuba, aka tabbatar da rasuwar sama da mutum 150. Ga zafi kuma a ɗaya gefen. A farkon Afrilu 2024, ana cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. A aikin Hajjin wannan shekarar ya kai digiri 51.8 a Makka, kuma hukumomin Saudiyya da kansu suka ce alhazai fiye da 1,300 sun rasu. Shin baƙin Allah ma tatsuniyar Turawa ce ta kashe su?

Mene ne ya canza?

Allah Ya halicci sararin samaniya da wasu iskoki masu riƙe ɗumin rana, kamar yadda mayafi ke riƙe ɗumin jiki. Ba don su ba, da duniya ta daskare. Tun da aka fara ƙona kwal da man fetur da gas a masana'antu, ana kuma sare dazuzzuka, sai iskar kabon ta yi ta taruwa. Kafin zamanin masana'antu kashi 280 ce cikin miliyan, yanzu ta haura 420. Mayafin ya yi kauri, ɗumi ya ƙaru. Hukumar yanayi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2024 ɗumin duniya ya ɗara na wancan zamani da kimanin digiri 1.5.

Kada ka raina digiri ɗaya. Duk ƙarin digiri ɗaya yana sa iska ta iya ɗaukar ƙarin tururin ruwa da kimanin kashi 7 cikin 100. Shi ya sa ruwan da a da yake sauka sannu a hankali cikin mako, yanzu yakan zubo cikin dare ɗaya, ƙasa ba ta iya shanyewa. Zafin nan kuma shi ke tsotse damshin gona idan ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, shuka ta ƙone. Masanan da suka yi nazarin daminar 2024 a yankin kogin Neja da tafkin Cadi sun gano ɗumamar yanayi ta ƙara wa ruwan ƙarfi da kashi 5 zuwa 20 cikin 100.

Wannan bayani bai ci karo da tauhidi ba. Allah ne Ya halicci sababi, Shi Ya halicci abin da sababi ke haifarwa. Wanda ya ce sauro ke kawo zazzaɓi bai yi shirka ba, ya faɗi sunnar Allah ce cikin halittarSa. Aya ta 41 a Suratur Rum ma ta danganta bayyanar ɓarna a tudu da teku ga abin da hannayen mutane suka aikata, ta kuma nuna ana ɗanɗana musu sashensa ne don su dawo kan hanya. To yaya za mu dawo daga laifin da muka ƙi yarda akwai shi?

Ƙaddara ba mafakar malalaci ba ce

Wanda ya fi mu sanin ƙaddara ya riga ya raba wannan gardama. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) ya kama hanyar Sham, da ya isa Sargh sai aka sanar da shi annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara da sahabbai, ya yanke a koma Madina. Abu Ubaida (RA) ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya nuna masa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ga ƙaddarar Allah, ya buga masa misali da mai raƙuma da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya busasshe: duk inda ya kai su kiwo da ƙaddarar Allah ne. Amma wane makiyayi mai hankali ne zai zaɓi busasshen, sannan ya ce haka aka rubuta?

Dubi kuma ƙissar Annabi Yusuf (AS). An sanar da shi shekaru 7 na yalwa za su zo, 7 na fari su biyo baya. Bai ce a naɗe hannu ba. Ya tsara a yi noma ba ƙaƙƙautawa, a bar hatsi cikin zangarniyarsa don kada ya lalace, a ci kaɗan a adana sauran, ya kuma nemi a damƙa masa taskokin ƙasa. Da wannan tsari aka ceci Masar, har iyalin mahaifinsa suka zo awo daga Kan'ana. Muna karanta surar nan a tarawihi muna hawaye, da safe kuma mu tura yaro ya juye shara a magudanar ruwa.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ɗumamar duniya ce ta ƙara wa ruwa ƙarfi, amma ba ita ta toshe kwata da ledar ruwa ba. Ba ita ta cike kududdufan da kakanninmu suka bari don ruwa ya sami wurin kwanciya, aka yanka su fuloti aka sayar ba. Ba ita ta sa hannu a takardar izinin gini a kan hanyar ruwa ba. Madatsar Alau ta taɓa yin irin wannan ɓarna a 1994, an kuma daɗe ana koke kan rashin gyaranta kafin 2024. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Jami'in da aka ba amanar gyara bai yi ba, babu abin da ya fi masa daɗi kamar ya ji talakawa suna cewa ikon Allah ne. Da bakinmu muke wanke shi.

Akwai kuma masu cewa hasashen yanayi duba ne, shiga gaibu ne. Abin da shari'a ta hana shi ne danganta saukar ruwa ga taurari, ko da'awar sanin gaibu. Manomin da ya ga shamuwa ta dawo ya fara gyaran gona ba boka ba ne, haka tsohuwar da ta ga hadari ya haɗu a gabas ta ce a kwashe shanya. Abin da hukumar NiMet take fitarwa a farkon kowace shekara game da lokacin faɗuwar damina da ɗaukewarta irin wannan ne, sai dai da na'urori. Yakan dace, yakan kuskure, sani na haƙiƙa yana wurin Allah. Yin watsi da shi kuwa ba tawakkali ba ne. Mutumin da ya tambayi Annabi (SAW) ko ya saki taguwarsa ya dogara ga Allah, umartarsa aka yi ya ɗaure ta sannan ya dogara.

Ga masu rabon azaba

Su kuwa masu tura saƙon cewa zunubin mutanen gari kaza ne ya jawo musu, ina ji musu tsoron Allah. Haƙiƙa saɓo yana jawo musiba, kuma tuba wajibi ne a kanmu baki ɗaya. Amma wa ya ba ka labarin cewa wannan ruwan na wane ne? Wahayi aka yi maka? Wajen shekara ta 18 bayan Hijira an yi fari mai tsanani a Hijaz, wanda ake kira shekarar toka, kuma Madina cike take da sahabbai. Annobar Amwas ta ɗauki Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal (RA). Hadisi ingantacce ya lissafa wanda ya nutse a ruwa da wanda gini ya faɗa masa cikin shahidai. Wanda Manzon Allah (SAW) ya yi wa bushara da shahada, kai kana kwance a ɗaki mai fanka kana yanke masa hukuncin azaba!

Ka duba abin da Umar ya yi a wannan shekarar. Ya fita roƙon ruwa, ya gabatar da Abbas (RA) ya yi addu'a. Ya kuma rubuta wa gwamnoninsa su aiko da abinci, ya kafa wuraren ciyarwa, ya haramta wa kansa man shanu har sai talakawa sun samu. Addu'a da aiki tare ya haɗa, bai tsaya binciken zunubin mayunwata ba.

Shin makircin Turawa ne?

A nan masu zargi suna da rabin gaskiya, kuma ba zan hana su ita ba. Nahiyar Afirka duka ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa. Ba'amurke ɗaya yana fitar da kimanin tan 14 a shekara, ɗan Nijeriya bai kai tan 1 ba, ɗan Nijar ma bai kai haka ba. Saboda haka duk wanda ya zo ya ce yawan haihuwarmu ko murhun uwarmu ne ya ɗumama duniya, ya bar jaki yana dukan taiki. Ƙasashe masu arziki sun yi alkawari a Kopanhegan a 2009 cewa kafin 2020 za su riƙa ba da dala biliyan 100 duk shekara, ba su cika ba sai 2022, kuma kaso mai yawa bashi ne. Asusun biyan asara da aka amince da shi a Sharm el-Sheikh a 2022, abin da aka zuba masa bai taka kara ya karya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Amma ina hankali a ce don wani ne ya cinna wa gidanka wuta, sai ka rantse babu wuta? Wanda ya musanta sauyin yanayi ya yafe wa azzalumi bashi tun kafin a shiga kotu. Mai neman haƙƙi shi ne ya fi kowa buƙatar sanin abin da aka yi masa.

Aikin da ke kan kowane gida

Annabi (SAW) ya sanar da mu cewa kowannenmu makiyayi ne kuma abin tambaya ne kan kiwonsa, ya ambaci namiji a cikin iyalinsa, ya ambaci mace a gidan mijinta. Kiwo bai tsaya ga tayar da yara sallar asuba ba. Magidancin da ya sayi fuloti a kwari don araha, ya san hanyar ruwa ce, ya zuba iyalinsa a ciki, za a tambaye shi.

Kada wani ya ce talaka ba ya iya komai. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, gonakin Maraɗi sun zama fili fetal, iska tana binne shuka da yashi. Tun daga 1983 wani ma'aikacin agaji ɗan Ostireliya, Toni Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ake sassabewa duk shekara suna da saiwa mai rai a ƙasa. Manoma suka fara barin tohon, su zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi su sare sauran, su kare su daga dabbobi. Wannan shi ake kira sassaben zamani. Daga gona zuwa gona abin ya bazu a jihohin Maraɗi da Damagaram, har aka ƙiyasta an farfaɗo da hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200. Gawo ya dawo, shi da yake zubar da ganye da damina ya taki gona, ya yi inuwa da rani. Mata suka sami itacen girki kusa da gida, dabbobi suka sami abinci. Hausawa ne 'yan'uwanmu suka yi wannan, da adda da lauje.

To mu fara daga ƙofar gida. Hadisin Anas (RA) a Buhari da Muslim ya nuna duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi. Me zai hana ranar suna, bayan an yanka rago, a dasa wa jariri darbejiya ko mangwaro ko zogale, a ce nasa ne, ya tashi yana ba shi ruwa? Ruwan alwala ma ya isa rayar da shi. Annabi (SAW) da mudu ɗaya yake alwala, mu kuwa sai mu saki famfo yana zuba muna hira.

'Yar'uwa, ke ce kika fi kowa shaƙar hayaƙin murhu, ke da goyon da ke bayanki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki a cikin gida yana kashe kimanin mutum miliyan 3 duk shekara. Na san tsadar gas ta mayar da gidaje da yawa ga gawayi, ba kuma laifinki ba ne. Amma murhu mai tsimin itace yana rage hayaƙi, yana rage kuɗin cefane, kuma haƙƙinki ne maigida ya nemo miki shi kafin ya sauya waya. Ke ce kuma makarantar farko: yaron da ya ga uwarsa tana hana a jefa leda a kwata ba zai manta ba.

Ku kuma matasa masu riƙe da waya, ku ne idon gida. Maimakon tura saƙon rabon azaba, ku nemo hasashen damina na ƙaramar hukumarku ku karanta wa baba kafin ya yi shuka, ku tambayi malaman gona irin da ke nuna da wuri. Kafin ruwa ya sauka ku haɗa samarin unguwa a yashe magudanai, domin kawar da abin cutarwa daga hanya reshe ne na imani. Ku zauna da iyali a yanke shawara: idan ruwa ya shigo da dare, wa zai ɗauki kaka, wa zai ɗauki jariri, wane tudu za a nufa? A ɗaure takardun gida da na makaranta cikin leda a rataye a sama. Da bazara ku riƙa leƙa tsofaffi da masu ciki da marasa lafiya, ku tuna musu cewa wanda azumi zai cutar shari'a ta yi masa rangwame.

Sannan ku yi tambaya. Tun 1981 Nijeriya take da asusun kula da muhalli, wanda jihohi da ƙananan hukumomi ke samun kaso daga gare shi. Idan ɗan siyasa ya zo neman ƙuri'a, a tambaye shi cikin ladabi ina kuɗin suka shiga, yaushe aka duba madatsar da ke saman garinmu, wa ya ba da izinin cike kududdufi. Buhun shinkafa da tabarma bayan ambaliya ihu ne bayan hari. Malamanmu masu daraja kuma muna roƙonsu, huɗuba ɗaya kafin damina a kan haƙƙin hanya da haƙƙin maƙwabci za ta yi aikin da motar yekuwa goma ba za ta yi ba.

Kammalawa

Ba na cewa itacen da za ka dasa zai sanyaya duniya, wannan nauyi yana kan manyan ƙasashen da suka ɓata ta. Ina cewa zai yi wa 'ya'yanka inuwa, kuma magudanar da ka yashe tana iya zama sanadin tsirar jaririn maƙwabcinka. Idan mun yi iya yinmu sannan musiba ta zo, a nan ne ambaton ƙaddara yake zama haƙuri da ibada, ya sanyaya zuciyar wanda ya yi rashi. Kafin nan kuwa, uzuri ne kawai.

Ga ɗalibin nan na majalisarmu, idan wannan rubutu ya iso gare ka, ka yafe mini shirun da na yi. Gaskiya ka faɗa, ka ci gaba da faɗinta cikin ladabi.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a Maiduguri da Mokwa da Nijar da sauran wurare, Ya karɓi shahadarsu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa ruwan ya zama na rahama, Ya ba mu ikon riƙe amanar iyalanmu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne da Shaiɗan. Wallahu a'alam.